Kawu da Alamomin Makabarta

Kawu ya koma ga Wanda ya yi shi ranar wata Talata da hantsi, cikin daminar 2013, a ɗakinsa na Beji, bayan jinyar kwana tara. Daga wurinSa muka fito dukanmu, can kuma za mu tarar da shi. Kafin azahar an yi masa salla. Abin da ya tsaya mini a rai ranar shi ne yadda maza suka yi cirko-cirko a makabarta, diga da shebur a hannu, kowa na kallon ɗan'uwansa. Shekara arba'in da ɗoriya, duk wanda ya rasu a unguwarmu Kawu ne yake zuwa da karan awonsa, ya nuna wuri, ya tofa yawu a tafin hannu, ya fara sara. Ranar babu mai nuna wuri. Sai da Inna, matarsa, ta aiko daga gida cewa ya bar wasiyya: a haƙa masa a gabashin tsohuwar kaɗanya, inda ciyawa ta fi tsawo.

Da na ji wurin da ya zaɓa, na juya na dubi kaɗanyar. Ni kaɗai a cikin taron na san dalili.

A zaman makoki kowa ya zo da nasa labarin. Liman ya ce bai taɓa aika wa Kawu sau biyu a kan gawa ɗaya ba. Wani direba ya ce ranar da aka binne mahaifinsa ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, Kawu ya tuɓe rigarsa ya rufe bakin kabarin har aka iso da gawar. Maƙwabcinsa na gona, wani dattijo Kirista ɗan Gbagyi da muke ce wa Baba, ya zauna can gefen tabarma har la'asar, sannan ya juyo ya dube ni ya ce, "Ni da Kawunka mun yi iyaka shekara talatin. Ko doya daya bai taba shiga tsakaninmu ba." Ya share ido da hularsa, ya tashi ya tafi.

Rana ta uku na shiga cikin gida gaida mata. Goggo, ƙanwar mahaifina, tana zaune kusa da Inna da carbi a hannu. Ana ta yabon mamaci, sai ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Allah Ya jiƙansa, mutumin kirki ne. Ni dai na yafe masa sakacin da ya yi mini, shekarar da ya bari alamomi suka ɓace. Na yafe, duniya da lahira."

Mata suka ce amin. Inna ta ɗaga kai ta dube ni, ta mayar da idonta ƙasa. Ni kuwa na ce amin tare da su, na miƙe na fita, kunya na cin naman jikina. Abin da Goggo ta yafe wa Kawu ba shi ya yi ba. Ni na yi. Na zauna rubuta wannan ne don kada a manta da shi, kuma don kada a ci gaba da tuna shi da laifina.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Mahaifina ya rasu a haɗarin mota a Kudu ina ɗan shekara huɗu, can aka binne shi, har yau ban san inda yake kwance ba. Bayan shekara biyu Umma ta bi shi. Kawu ya haƙa kabarin ƙanwarsa da hannunsa, ya dawo gida ya ɗauke ni ya miƙa wa Inna, ya ce ga ɗa. Shi ke nan maganar da aka yi a kaina.

Manomin doya ne, gajere, mai faɗin kafaɗa, mai son tsokana. Bai yi boko ba. Aikin makabarta ba wanda ya ɗora masa, ya gada ne daga wani tsoho da ya riga shi. Ba ya cin komai kafin ya yi haƙa, ya ce ciki cike ba ya tuna mutuwa. Idan yara suka bi ta makabarta da gudu ba ya tsawa, sai ya tsayar da su ya ce su koma su yi sallama, akwai manya a wurin. Haka yake kiran matattu, mutanena.

Yana da wata al'ada da ban ga kowa da ita ba. Kwana uku bayan an binne mutum, sai ya je gidan ya yi gaisuwa, ya ce a ba shi wani abu na mamacin wanda ya riga ya lalace, abin da magada ba za su yi faɗa a kansa ba. Wani gidan su ba shi buta mai huji, wani ruwan fartanya da ya cinye, wani sarƙar keke, wani wuyan tulu. Sai ya kai ya kafa a wajen kan kabarin. Na mace yakan kife shi, na namiji ya tsayar, na yaro ya ajiye farin dutse a gefe. Ba ya rubuta suna. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce, "Rubutu rana take cinyewa. Kuma masu kabarin nan rabinsu ba su iya karatu ba, masu kukansu ma haka. Amma wace uwa ce za ta manta kwanon ɗanta?"

Mata ba sa zuwa makabarta a wurinmu, saboda haka Kawu ne idonsu. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci zai zaga ya yi wa mutanensa addu'a, ya cire ciyawa, sannan ya bi gida-gida. Ba ya zama. Daga zaure zai ɗaga murya: "Butar tsohonki na nan, na gyara mata zama." Wani gidan: "Sarƙar keke na nan." A gidan Goggo kuwa, wadda ɗanta tilo ya nutse wurin kamun kifi a madatsar ruwa ta Tagwai yana ɗan shekara goma sha tara, kullum abu ɗaya yake faɗi: "Shuɗin kwano na nan." Ita kuma ta amsa daga ciki, "Allah Ya biya ka." Shekara goma sha biyu suna wannan gaisuwar.

Alamar Umma tanda ce. Waina take soyawa a bakin kasuwar Beji, kuma tandarta ta ƙasa ta fashe sati guda kafin ta kwanta ciwo. Ɓarin da ya rage mai gurbi uku ne, baƙi ƙirin da mai. Tun ina ƙarami Kawu yake riƙe hannuna ya kai ni gabansa ya ce, "Gaida uwarka." Ban riƙe fuskarta sosai ba, ba ta bar hoto ba. Tandar nan ita ce abin da na sani.

Da na samu shiga makaranta a Minna karatun zane da tsara alamomi, Kawu ya raɗa mini suna Injiniyan Fenti. Na kama ɗaki a Tudun Wada. Idan na zo hutu sai ya ce in nuna masa abin da aka koya mini, in buɗe masa takardu, ya juya su sama da ƙasa ya ce, "Yanzu wannan zagayen da ɗigon ne aka tara ku shekara huɗu a kansa?" Amma na sha kama shi yana nuna wa Baba zanena a gona, yana cewa ɗansa ne ya yi.

A shekarata ta uku, cikin 2009, muka yi darasin isar da saƙo ta hanyar abin da ido ke gani. Malaminmu mutum ne mai tsanani da son tsabtar aiki, kuma ina girmama shi har gobe. Kullum yana cewa alama mai kyau ita ce wadda baƙo zai gane kafin ya ƙifta ido. Ya ba mu aiki: kowa ya nemo wurin da mutane ke ɓacewa, ya tsara masa alamomi. 'Yan ajinmu suka watsu, wannan tasha, wancan kasuwa, wani asibiti. Ni kuwa a lokacin ji nake kaina ya fi na kowa haske, ba zan yi abin da kowa ke yi ba. Na ce makabarta zan yi. Malam ya cire tabarau ya dube ni, ya ce wannan tunani ne sabo. Ranar ban taka ƙasa ba.

Na je Beji na gaya wa Kawu. Na yi masa bayani da manyan kalmomi: za a kafa turaku masu lamba a kan kowane kabari, a yi taswira, duk wanda ya zo ya duba suna ya ga lamba ya tafi kai tsaye, ko da Kawu ba ya nan. Wannan ta ƙarshen ce ta shige shi. Idanunsa sun fara yana, kuma ya san ba zai dawwama ba. Sai ya ce, "To. Amma ka ji sharaɗina. Ka ƙara, kada ka rage."

Asabar biyu muka yi muna zagawa. Shi yana gaba da karansa, ni ina biye da babbar takarda da fensir. Ya tsaya ya ce wannan wance ce, matar wane, ta rasu shekarar da aka yi fari. Ni in zana wurin in sa lamba. Kaburburan ba a jere suke ba, wani ya karkace saboda dutse, wani ya matse tsakanin biyu don an roƙa a sa shi kusa da uwarsa. Takardar ta yi baƙi da gumi da jar ƙasa, ga goge-goge, ga kibiyoyi ta ko'ina. Kabarin Umma shi ne lamba arba'in da ɗaya.

Na yanka turaku da farin katako, na buga lambobi a takarda mai kauri da launin toka mai sanyi, na manna na shafa musu man ƙyalli. Na kafa su, na ɗauki hotuna, na kai wa Malam. Ya baje su a tebur, ya ɗauki jan biro ya dinga zagaye buta, ya zagaye kwano, ya zagaye wuyan tulu. Ya ce, "Lambobinka sun yi kyau. Amma wannan tarkacen fa? Idona bai san inda zai sauka ba." Bai ce in je in kwashe komai ba. Bai ma san mene ne ba, domin ban gaya masa ba. Kunya na ji in ce masa tarkacen nan aikin kawuna ne, kuma baƙin abin da ya zagaye sau biyu tandar uwata ce.

Na gwada goge su a kwamfuta, hoton ya fito duk faci. A wannan satin aka kwantar da Kawu a Minna za a cire masa yanar ido. Ranar Asabar na ɗauki abokaina biyu 'yan ajinmu da baro, muka tafi Beji. Na ce musu awa biyu kawai, mu kwashe, mu yi hoto, mu mayar. Muka tara komai a gindin kaɗanya. Tandar Umma ni na ɗaga ta da hannuna. Ƙasan da ke ƙarƙashinta da danshi, tururuwa suka watse. Na ce a raina, Umma ki yi haƙuri, yanzu zan dawo da ita.

Hotunan sun yi kyau, ba zan ɓoye ba. Fararen turaku a kan jar ƙasa, babu abin da ke tare ido. Muna gamawa hadari ya taso, abokaina suka ce mu gudu kada mu rasa mota. Na ce ba komai, ai akwai lamba a kan kowane kabari kuma ina da taswira, wani satin na dawo.

Ban dawo ba. Satin farko Malam ya ce mai yiwuwa ya kawo aji su ga wurin, sai na bar shi yadda yake. Sati na biyu na zauna gyaran taswira. A nan na yi abin da ya fi kwashe kayan muni. Takardar da muka yi da Kawu ba ta nunuwa ga mutane, saboda haka na sake zana ta a kwamfuta. Na miƙar da layuka, na daidaita tazara tsakanin kabari da kabari, na mayar da karkatattu suka tsaya cak. Kaɗanyar ma na matsar da ita kusurwa, don tana tare wurin da nake son rubuta kan magana. Da na buga sabuwar ta fito fes, sai na ga tsohuwar ba ta da sauran amfani. Na goge burushi da ita, na jefa a shara.

Duk wannan lokacin Kawu yana ɗakina a Tudun Wada. Likita ya ce ido ɗaya za a fara, in ya warke a yi ɗayan, kuma ban da ƙura, ban da sunkuyo, ban da rana. Wata biyu da rabi ya yi a kan katifata, ni ina tabarma. Allon da na manna hotunan yana jingine a ɗakin, na juya fuskarsa bango duk da na san ba ya gani sosai. Kwano ɗaya muke ci. Wani lokaci yana tsakiyar cin tuwo sai ya ce, "Injiniya, ka leƙa mutanena kuwa?" In ce, "Suna nan lafiya, Kawu." Ya ce madalla.

Aikina ya fi na kowa maki. Aka rataye shi a zauren sashenmu, ƙananan ɗalibai suna tsayawa suna kallo.

Sai da aka gama jarrabawa, cikin Yuli, na je Beji ni kaɗai. Ciyawa ta kai mini ƙugu. Na kama turken farko, ya taho a hannuna kamar busasshen kara, gara ta cinye gindinsa. Da na tambayi Kawu tun farko, da ya gaya mini farin katako ba ya kwana arba'in a ƙasar nan da damina. Wasu turakun sun faɗi, wasu ruwa ya ja su ya tara a kwari, shanu sun bi ta kan wasu. Lambobin sun ɓare. A sabon ɓangare tudun kaburbura na nan, amma a tsohon ɓangare, gabashin kaɗanya, ƙasa ta daɗe da kwantawa, alamomin ne kaɗai suke nuna akwai mutum. Na zaro taswirata mai kyau na tsaya a gindin itacen. A takarda itacen yana kusurwa, ni kuma ga ni a tsakiyar makabarta. Na yi ta juya takardar har rana ta karkata. Sannan na nannaɗe ta na koma Minna, na sayo wa Kawu ƙosai a hanya, ban ce masa komai ba.

Ya koma gida cikin Agusta da idanu biyu garau. Baba ne ya raka shi makabarta washegari, shi ya ba ni labari daga baya. Ya ce, "Kawunka ya ga kayan a gindin itace. Ya tsaya, ya tsaya. Na ce masa mu zauna, bai ji ba. Can ya ce, ashe abin da aka bude mini ido in gani ke nan."

Ya aiko in zo da takarda. Na same shi a zaure. Na miƙa masa sabuwar taswirar cikin ledarta. Ya riƙe ta nesa da fuska, ya duba sosai.

"Wannan makabartar wane gari ce?"

"Tamu ce, Kawu."

"Kaɗanya fa, yaushe ta yi tafiya?"

Na kai yatsa zan nuna masa kusurwar da na mayar da ita.

"Ba wannan nake nufi ba. Wadda muka yi tare, mai dattin."

"Na yar da ita."

Ya ajiye takardar a kan gwiwarsa, ya shafe ta da tafin hannu a hankali. Na jira ya zage ni, na jira mari, wallahi da ya yi da na samu sauƙi. Sai ya ce, "Sun ba ka makin?"

"Na fi kowa."

"To alhamdu lillahi. Ba a yi asara biyu ba."

Bai ƙara ce mini komai a kai ba ranar. Da yamma ya ce wa Inna ta ƙara mini miya, na rame.

Rani biyu ya yi yana gyara ɓarnata. Bai yarda a sa wuta a ciyawar ba, ya ce ba a kunna wa mutanensa wuta a ka, da lauje ya bi ta. Ya samo siririn ƙarfe yana soka ƙasa a hankali har ya ji itacen rufin kabari. Yana ƙirga taku daga kaɗanya, yana magana shi kaɗai: wane yana ƙafar wance, wance na haƙa mata ranar kasuwa, dutse ya sa na karkata. In ya tabbata, sai ya je gindin itace ya ɗauko buta ko fartanya ya mayar. Duk hutu ina zuwa in bi shi ina riƙe masa kaya. Mafi yawa ya mayar da su. Amma a gabashin kaɗanya ruwa ya ja ƙasa ya sauya fuskar wurin, kaburbura kuma a matse suke. 'Yan kaɗan suka gagare shi. A cikinsu akwai na ɗan Goggo, akwai na Umma.

Na Umma ya kai shi ga wurare uku, kusa da juna, bai wuce taku shida tsakaninsu ba. Wata rana na gaji, na nuna na tsakiya na ce, "Kawu, raina yana ba ni nan ne. Mu sa kawai." Wannan ne karo ɗaya da na ga ransa ya ɓaci da ni a fili. Ya ce, "Ranka ne ya ba ka ka matsar da itace. Ni ba na yi wa mamaci ƙarya. In na sa tandarta a kan wani, ka zo kana ce wa baƙo Umma, shi kuma nasa su rasa shi har abada." Ya ɗauki tandar ya sa a buhu ya tafi da ita gida. Ya ce addu'a ba ta ɓata hanya, ko daga ina na yi za ta same ta. Na san gaskiya ne. Amma tun daga ranar, in na shiga makabarta ban san inda zan tsayar da ƙafata ba.

Shuɗin kwano kuwa da kansa ya kai wa Goggo, wata Juma'a. Ina tsaye a bakin zaure, ina jin komai. Ya yi sallama, maimakon maganar da ya saba sai ya ce ta fito. Ya miƙa mata kwanon, ya ce wurin ya ɓace masa.

Ta ce, "Ya ɓace kamar yaya? Kai da ka haƙa?"

Ya ce, "Sakacina ne. Ni aka ba amana, ni na ba da izini aka taɓa wurin."

Babu ƙarya a maganarsa, haka ya iya zaɓen kalma. Goggo ta faɗa masa maganganun da ba zan rubuta ba. Ta ce ruwa ya cinye mata ɗa sau ɗaya, shi ya cinye mata shi na biyu. Taku uku ne tsakanina da su. Ban shiga ba. A hanyar gida ya ce mini, "Kada ka buɗe baki. Ni tsoho ne, zagi ba zai hana ni komai ba. Kai kana da sauran zama da mutanen nan." Na karɓi umarnin nan da saurin da har yau yake ba ni kunya. Fiye da shekara Goggo ba ta amsa gaisuwarsa, doyar da yake aika mata da kaka ta dawo da ita. Shi kuwa duk Juma'a sai ya tsaya a zaurenta ya yi sallama, ya ɗan jira, ya wuce.

Ranar bakwai da rasuwarsa, da safe, Inna ta kira ni ɗakinsa. Ta durƙusa ta jawo buhu daga ƙarƙashin gado. Tun kafin ta kwance na san abin da ke ciki.

Ta ce, "Kawunka ya ce kada a ba da buta, kada a ba da fartanya. Wannan za ka sa masa, da hannunka. Ya ce ya kwanta kusa da wurare ukun nan, duk wanda yake nata a ciki, ba nisa. In ka tsaya a kansa, ka tsaya kusa da ita."

Na ce, "Inna, ai ya ce ba ya yi wa mamaci ƙarya. Tandar mace a kan namiji?"

Ta yi ɗan murmushi, hawaye na zubo mata. "Na tambaye shi haka. Ya ce in gaya maka babu ƙarya a ciki. Wainar tandar nan shi ya fi kowa ci, kuma bai taɓa ba uwarka haƙuri a kan haka ba."

Na rungume buhun na fita. Ban nufi makabarta kai tsaye ba, na biya gidan Goggo. Na durƙusa a tsakar gida na gaya mata komai, tun daga jan biro har zuwa takardar da na goge burushi da ita. Ta saurare ni ba ta katse ni ba har na gama.

Ta ce, "Shekara guda ina juya wa bawan Allahn nan baya. Na mayar masa da doyarsa. Ranar uku na zauna a gaban mutane ina cewa na yafe masa." Ta ɗago ta dube ni. "Ka bari sai da ya tafi inda ba zan iya roƙonsa gafara ba, sannan ka zo."

Na ce, "Goggo, ki yafe mini."

Ta ce, "Tashi ka je. Ba yau ba."

Na tashi. Ba ta yi mini rashin adalci ba.

A makabarta ƙasar kabarinsa ba ta gama bushewa ba. Na tsuguna a wajen kai, na tona da yatsu, na tsayar da tandar yadda yake tsayar da alamar maza, gurabunta uku suna kallon wuraren nan uku. Na danna ƙasa a gindinta sosai don kada ruwa ya ja ta. Ban sa lamba ba. Na yi masa addu'a, na yi wa Umma, na yi wa ɗan Goggo duk inda yake a cikin ciyawar nan. Allah Ka yalwata wa Kawu makwancinsa kamar yadda ya yalwata wa bayinKa nasu, Ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mini, Ka sa ya tarar da mutanensa sun gane shi.

Yanzu ina aiki a wani shagon buga alluna a Minna, amma duk Juma'a ina hawa mota zuwa Beji. In na fito daga makabarta nakan tsaya a zauren Goggo in yi sallama, in ɗan jira. Har yanzu ba ta amsa ba, kuma ba ni da abin da zan ce mata yana nan. Daga nan sai in wuce gidanmu. Inna takan ji takuna tun daga waje, ta daina abin da take yi.

Sai in ce, "Inna, tanda na nan."